Kujera Biyun Malam Bappayo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni, ina cikin keke daga Nasarawo zan tafi aiki. Malam Bappayo ya rasu.

Hajiya Dija ce ta kira, matron ɗin ɗan asibitin da nake aiki a Jekadafari. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Sa'adatu, Injiniya fa lokaci ya yi." Na ce wane Injiniya? Alhali Injiniya ɗaya ne da mu duk duniya. Sai da na sa ta maimaita.

Ya dawo daga sallar asuba, ya ce wa matarsa ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Ta tashi ta ɗora masa ruwan zafi. Kafin ruwan ya tafasa rai ya yi halinsa.

Mai keken har juyowa ya yi yana tambayata ko lafiya. Ban san da ƙarfi nake salati ba.

Jiya-jiyan nan fa muka rabu da shi a bakin get.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Bappayo shi ne mai kula mana da kwamfutoci. Ba ma'aikacinmu ba ne. Yana da ɗan shagonsa a Bolari, bayan tasha, tsakanin mai walda da mai faci. Makarantu, kemis-kemis, ƙananan asibitoci irin namu, duk wanda kwamfutarsa ta yi tari shi ake nema. Dogon Bafulatani ne siriri, furfurarsa a haɓa kawai ta tsaya. A aljihun gaban rigarsa kullum akwai aswaki da ɗan ƙaramin sukudireba, kuma na daɗe ina zuba ido in ga ranar da zai yi kuskure ya kai wanda ba shi ba baki. Ban samu ganin ranar ba.

Ni a ɗakin kati nake. Shekarar da ruwan sama ya ɓalle mana rufi, katunan mata masu zuwa awo suka jiƙe suka manne da juna kamar kwanannen tuwo, a lokacin aka kira shi ya mayar mana da komai cikin kwamfuta. Ya ce muna buƙatar database a kan server. Duk ɗakin aka gyaɗa kai kamar an gane. Ni na ce ban gane ba.

Ya ce, "Database rumbu ne, a nan bayanan marasa lafiyarku za su zauna. Server kuma gidan da rumbun yake ciki. Kwamfuta ce kamar kowace, sai dai ita ba ta zuwa yawo, sauran ne ke zuwa wurinta tambaya."

Na ce to in gidan ya rushe fa? Ya kalle ni ya yi murmushi, ya ce, "Yauwa. Ke zan koya wa."

Allah Ya yi ni da shegen tambaya, na sani. Tun ina ƙarama Inna ke cewa bakina ba ya zuwa hutu. Mutane da yawa in na fara sai su tuna suna da uzuri. Shi kam ban taɓa ganin ya gaji ba, don a gaskiya ya fi ni ciwon. In ya zo gyaran firinta sai ka tsince shi a lab ya sunkuya a kan madubin gwajin jini yana cewa, "Ikon Allah, ashe haka maleriya take! Wannan ɗan abin ne ke kwantar da ƙato?" Ya taɓa tsare Hajiya Dija sai ta gaya masa dalilin da ya sa awon hawan jini yake da lamba ta sama da ta ƙasa. Ta ce masa, "Injiniya, aikin nas za ka koma ne?" Ya ce a'a, kawai abin ya daɗe yana damunsa.

In zai koya maka abu, sai ya ba ka kujera, shi ya tsaya a bayanka ya naɗe hannuwansa a baya. Ko kana ɓata abin yana gani ba zai taɓa kibod ɗin ba. Na tambaye shi me ya sa. Ya ce, "In na sake su za su ƙwace aikin, hannuwan nan ba su da kunya."

In na fara gaggawa, abin da kawai zan ji a bayana shi ne, "Sese-sese, Sa'adatu." A hankali kenan da Fulatanci. Na ji kalmar nan har ta zame min kamar sunana na biyu.

Duk sanda ya je rugar yayansa sai ya dawo mana da kindirmo a jarka, ya ajiye a firjin allurai, Hajiya Dija ta yi ta faɗa, sannan ta fi kowa sha. Wayar Innata da ta faɗa a tukunyar miya shi ya tayar da ita. Da ya dawo da ita ya ce in gaya wa Inna miyar ta ji daddawa.

Amma abin da nake so in ba ku labari shi ne kujera biyu.

Malam Bappayo yana da wata al'ada. In zai haɗa sabon server, duk wahalar shi kaɗai yake sha. Ya ja waya, ya goge kwamfuta, ya yi install, wato zuba manhaja, ba ya neman kowa. Amma in aka zo shiga database ɗin karon farko, sai ya jawo kujera biyu ya jera. Ba zai shiga ba sai wani ɗan gidan ya zauna a ɗayar.

Lokacin da ya haɗa mana namu na farko ni aka kira. Ina cikin cin ɗanwake aka ce Injiniya na nemana. Na zo ina goge hannu, raina a ɓace. Ya sa na rubuta wasu 'yan kalmomi a baƙin allon nan mai farin rubutu, ni dai hankalina na kan ɗanwakena da ke sanyi. Da muka shiga, abu na farko da ya ce shi ne, "To, mu ga su waye a ciki." Wai ba a shiga sabon gida a shimfiɗa tabarma sai an leƙa ɗakuna. Sannan muka zaɓi password ɗin babban mai izini, wanda ake ce wa root, mu biyu. Na ce a sa sunan ɗana. Ya ce, "Sunan ɗanki ba sirri ba ne, duk unguwa sun ci shinkafar sunan."

Na ce, "Wai Malam, me ya sa sai an zauna mutum biyu? Ba ka iya kai kaɗai ba ne?"

Ya ce, "Ni ɗan Adam ne, Sa'adatu, kuma acaɓa nake hawa."

Na yi dariya na koma kan ɗanwakena. Na ɗauka cikin barkwancinsa ne.

Tsohon server ɗin nan ya yi mana shekaru. Kwanakin baya ya fara wani irin gurnani kamar injin markaɗe, in an kunna shi sai an yi masa addu'a. Aka sayo sabuwar kwamfuta. Jiya Litinin Malam ya zo ya kwashe duk bayananmu ya zuba a wani ɗan baƙin hard disk, kuma kamar jira tsohon yake, yana gamawa ya mutu murus.

Ni jiya da rana na nemi izini, ƙanwata ce ta haihu ake suna. A bakin get muka haɗu, ya fito sallar azahar, hannun rigarsa a naɗe. Na ce, "Malam, yau za ka yi babu ni." Ya ce, "Ki je ki ci tuwon suna. Gobe ki zo da wuri, ki taho da tambayoyinki." Na ce ai ba sa ƙarewa. Ya ce, "Allah Ya sa kada su ƙare."

Maganarmu ta ƙarshe kenan. Na shiga keke ko waiwaye ban yi ba, don wa zai ce min in waiwaya?

Yau da safe, maimakon asibiti, gidansa muka wuce ni da Hajiya Dija. Maza sun cika ƙofar gida har bakin titi, ga mai walda ga mai faci, ga malaman makarantu da rigunan aikinsu. A ciki muka samu matarsa, Adda Jummai, zaune a kan darduma, idonta ya bushe. Da na durƙusa ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce Sa'adatu mai tambaya?" Na ce ni ce, Adda. Ta yi min wata magana a hankali, amma a daidai lokacin aka fito da shi za a kai makwanci, gidan ya ɗauki salati, ni ma kuka ya ci ƙarfina. Maganar ta shiga kunnena ta zauna, ban duba ta ba.

Bayan azahar muka koma asibiti, don dole. Gobe Laraba ranar awo ce. Mata za su cika barandarmu tun da sassafe, wasu daga ƙauyuka, kuma tun bayan ruwan nan ba mu da katin takarda. Tarihin kowace mace yana cikin ɗan baƙin hard disk ɗin nan, shi kuwa ba a karanta shi kamar littafi. Sai an juye shi a cikin sabon database ɗin tukuna, kuma ba a juyewa sai an shiga.

Hajiya Dija ba ta da yawan tsoro, amma yau na ga damuwa a fuskarta. Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa mana daga wani ƙauye ta hanyar Dukku. A cikinta na baya jininta ya hau har ta yi jijjiga, da ƙyar aka ceto ta, kuma akwai wani magani da aka ba ta jikinta ya ƙi shi. Yanzu cikinta ya tsufa, gobe ne ranarta. Hajiya ta ce, "Fuskarta na sani, sunan mijinta ma na sani. Amma maganin nan, ko za a yanka ni ba zan rantse a kan wanne ne ba. Ita matar kuma ba ta san sunan maganin ba. Yana cikin akwatin nan."

Muka shiga ɗakin kati. Ga sabuwar kwamfutar a kan tebur, fes, ledar jikinta ma ba a gama ɓarewa ba. Na jefa jakata a kan kujerar da ke gefe, na zauna a ɗayar, na kunna. Password ɗin buɗe kwamfutar kanta Hajiya na da shi, don jiya ya kira ta ta sa da hannunta, ya ce gidanta ne. Wannan ya wuce lafiya. Saura rumbun.

Na rubuta sunana da password ɗina kamar yadda na saba kullum.

Access denied. Wato ba ki da izinin shiga.

Na ce to, sabon wuri ne, bai san ni ba tukuna. Na koma root, na sa wanda muka zaɓa tare shekarun baya. Ya ƙi.

Na ce, "Hajiya, jiya bai zaunar da ke kun sa wani password ɗin ba?" Ta ce, "Wanda na gaya miki ne kawai. Da la'asar ya leƙo ofishina ya ce ya gama install, sai gobe." Muka kalli juna. Tunani ɗaya muka yi: tsohon server ya mutu, awo ya matso, ni ba na nan, Malam ya ga ba lokaci ya kulle abinsa shi kaɗai da niyyar ya gaya min yau. Ga shi ya tafi da shi.

Hajiya ta kira wani mai gyara da aka ba ta lambarsa. Yana wurin zaman makokin shi ma. Ya ce sai jibi.

Zan faɗa muku gaskiya. A cikin baƙin cikin nan da tsoron gobe, akwai wani ɓangare na zuciyata da ya miƙe zaune yana son sani. Wace kalma mutum irin Malam Bappayo zai zaɓa in ba kowa a kusa da shi? Me ke zuwa masa a rai in ya rage daga shi sai allo?

Na fara da sunayen 'ya'yansa, ina sa wa ina jin muryarsa yana min tsiyar shinkafar suna. Ya ƙi.

Na tuna farar saniyarsa da ke rugar yayansa, Daneye, wadda hotonta ke fuskar wayarsa. Ya fi nuna mana hoton saniyar nan a kan na 'ya'yansa. Na sa. Ya ƙi.

Hajiya ta ce, "Sa bismillah, mutumin nan ko fanka zai kunna sai ya yi." Na sa da ƙananan baƙaƙe, na sa da manya. Ta ce in gwada kindirmo. Na gwada, har da kosam, yadda shi yake faɗa. Na sa Bolari. Na sa aswaki, Allah Ya gani, har sukudireba na sa. Na sa sese-sese, kuma da na danna Enter sai da na rufe ido, don na tabbata shi ne.

Ba shi ba ne.

Abin mamaki, kowace kalma na rubuta sai ta jawo min shi. Na ga ashe na san abincin da yake so, na san saniyarsa, na san yadda yake cire hula ya sosa kai in abu ya ba shi sha'awa. Sai kuma na ci karo da wuraren da sanina ya ƙare. Wane gari aka haife shi? Yaya aka yi ɗan ruga ya faɗa cikin kwamfuta, wa ya fara ba shi kujera? Waɗannan suna cikin tambayoyin da na ajiye sai wani lokaci, don a ganina Malam ba inda za shi.

La'asar ta yi. Muka yi salla a nan ɗakin. Hajiya na naɗe darduma ta ce, "Ni kam Sa'adatu, me Adda Jummai ta ce miki ɗazu da ta riƙe hannunki?"

Na tsaya. Na lalubo maganar a inda ta zauna.

Cewa ta yi, "Jiya da ya dawo na ce masa an gama aikin asibitin? Ya ce saura kullewa, yana jiran Sa'adatu."

Saura kullewa.

Na juya na kalli teburin kamar yanzu na shigo ɗakin. Wayar network da ke haɗa server da sauran kwamfutocin asibitin ba a jone take ba. An naɗe ta tsaf an ɗora a kan kwamfutar, yadda ba wanda zai iya zuwa wurinta daga waje. Kujerar da na jefa wa jaka kuwa ba ta ɗakinmu ba ce. Ta baranda ce, irin wadda masu awo ke zama. Wani ne ya ɗauko ta ya kawo ya jera ta kusa da tawa.

Wallahi kujera biyu ce a jere.

Mu ne muka yi masa gurguwar fahimta. Mun ɗauka gaggawa ta sa ya karya al'adarsa. Ashe ko gezau. Duk wunin nan muna ta neman makullin ƙofar da ba a sa wa kwaɗo ba. Shi kuma allon, tunda ni na ce masa zan shiga da password, sai ya yi ta tambayata password, ni kuma na ɗauka tunda ya tambaya akwai shi.

Sai ranar ɗanwaken nan ta dawo min, har da abin da ban san na ji ba. Yana tsaye a bayana yana cewa, "Sabon database bai san kowa ba. Bai san ki ba, bai san ni ba, ba shi da password tukuna. Mai gidan kwamfutar kawai yake ganewa. Ki fara da sudo." Na ce mene ne sudo? Ya ce, "Kamar ki ce, da izinin mai gida."

Na zauna. Na rubuta sudo, na biyo shi da sunan manhajar database ɗin, ban ƙara komai ba. Ya nemi password ɗin mai gida, wato na Hajiya. Ta sunkuyo ta danna, ta ce, "Ai ba ya rubuta komai!" Na ce, "Haka yake, Hajiya, yana ji, nunawa ne ba ya yi."

Na danna Enter.

Ya buɗe. Ba gardama ba komai. 'Yan layukan maraba suka fito, sannan ɗan farin layin nan mai ƙyaftawa ya tsaya yana jira.

Hajiya ta ce, "Shi kenan? Mun shiga?" Na ce mun shiga. Ta ɗaga hannu sama ta ce Alhamdulillahi, ta dafa bango.

Ni kuwa na zuba wa allon ido. Wuri ne da ba wanda ya taɓa shiga, ko shi da ya gina shi. Ya kawo shi har bakin ƙofa ya tsaya.

Na ce a raina, to, mu ga su waye a ciki. Na duba. Ba kowa sai root da 'yan asusun da manhajar ke zuwa da su. Ba sunansa. Na duba rumbunan, ba komai sai na gado da manhajar ta zo da su. Ban san me na so in gani ba, wataƙila wata 'yar alama cewa ya leƙo. Babu. Malam bai leƙa ba.

Saura kullewa, in ji shi. Na ɗora yatsu a kibod zan sa sabon password. Hajiya ta riga ta ɗauki mayafinta, ta ce, "Ki sa kawai 'yar nan, na yarda da ke. Ni da kwamfuta sai dai gaisuwa. In kin gama ki kira ni mu duba matar nan."

Kuma saura kaɗan in sa ɗin. Kalmar ma ta zo min. Lokaci na tafiya, ga juye bayanai a gabana, ga Hajiya da in ta ga baƙin allo kanta ke ciwo.

Sai idona ya sauka a kan jakata.

Na ɗauke ta na ajiye a ƙasa. Na ce, "Hajiya, dawo ki zauna."

Ta ce, "Ke Sa'adatu, ba ni da lokacin wasa."

Na ce, "Ni 'yar Adam ce, Hajiya, kuma keke nake hawa."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Ta ajiye mayafin, ta dawo, ta zauna a kujerar baranda, ta ciro tabarau.

Muka zaɓi kalmar tare. Ta ce a sa sunan jikarta, na ce duk Jekadafari sun ci shinkafar sunan, ta harare ni ta saman tabarau. Da muka daidaita na miƙe na tura mata kibod, na ce ita za ta rubuta, kuma ita za ta buɗe asusunta da nawa.

Ku zo ku ga Hajiya Dija, matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, tana farautar harafi da yatsa ɗaya. Ta danna wanda ba shi ba, ta goge, ta goge har da na kirki. Ta manta alamar da ake rufe umarni da ita. Raina ya yi ta ce min karɓi abin nan ki gama a minti ɗaya. Ta fara tsaki tana saurin dannawa, sai na ji bakina ya ce, "Sese-sese, Hajiya."

A nan na lura da inda hannuwana suke. Suna naɗe a bayana. Ban san lokacin da na kai su can ba.

Kukan da ban gama a gidansa ba a nan ya same ni, a tsaye, ban kuma saki hannuwan ba har ta gama. Ita ma tana rubutu tana share tabarau da gefen mayafi.

Mun kulle. Mun juye bayanan, sun shiga duka. Na jona wayar network ɗin da ya naɗe. Sunan farko da muka nema na baiwar Allahn nan ne ta hanyar Dukku, kuma ga shi nan, maganin da jikinta ya ƙi, da wanda ya karɓe ta. Hajiya ta karanta ta ce, "Kin gani, da na bi ƙwaƙwalwata ɗayan zan ce." Gobe in Allah Ya kai mu za ta zo ta samu tarihinta na jiranta, ba za ta taɓa sanin wani dogon mutum mai aswaki a aljihu ba.

Kalmar da nake ta son in san zai zaɓa kuwa, babu ita. Bai taɓa zaɓar ko ɗaya shi kaɗai ba.

Kujerar barandar tana nan a ɗakin kati. Na ce kada wanda ya mayar da ita.

In Malam Bappayo ya taɓa haɗa muku server a makarantarku ko shagonku, na san akwai wanda ya zaunar a kujera ta biyu. Ku duba ko mutumin yana nan. In ya bar wurin, ku jawo wata kujerar tun gobe.

Ya Allah, ga bawanKa Bappayo ya zo ƙofarKa. Mu shaida ne bai taɓa kulle wata ƙofa ya bar mutane a waje ba. Ka buɗe masa taKa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, kada Ka bar shi shi kaɗai a cikinsa. Ka sanya duk macen da za ta sauka lafiya ta dalilin aikinsa a mizaninsa. Ka ba Adda Jummai da yaran haƙuri, Ka zame musu gata.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, don Allah kada ku wuce da danna alama kawai. Ku tsaya ku yi masa addu'a da bakinku, ku ambaci sunansa. In akwai wani a kusa da ku, ku ce ya zauna ku yi tare.